Giwa, Motar Kawuna, da Tafiyarmu Sakkwato

Tun ranar da muka dawo daga Sakkwato ban ƙara ɗaure kusa ɗaya cikin natsuwa ba a garajina na Madawa. Duk wanda ya kawo mota gyara, kafin ya gaya mini abin da ke damunta sai ya jingina da bango ya ce, "Isuhu, wai da gaske na kun kai Giwa anka maido muku ita?" Wani ya ji an ce an tsare mu kwana uku a iyaka, wani ya ji an ce rafi muka faɗa. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu ina kwance ƙarƙashin mota, shi ya sa na zauna zan rubuta shi sau ɗaya daga farko har ƙarshe. Wanda ya sake tambayata bayan wannan, takardar zan miƙa masa.

Ga wanda bai san ta ba, Giwa motar kawuna ce, Alhaji Nomau na Tamaske, yayan mahaifiyata. Motar Amurka ce irin ta dā, ya sayo ta a Kano hannun wani Bature zamanin da gyaɗa ke da daraja. Tsawonta ya kusa na ƙaramin shago. Gabanta haƙoran ƙarfe ne masu ƙyalli, bayanta kuma ya tashi da fukafukai biyu waɗanda har yau ban gano amfaninsu ba, in ba kyau ba. Mutum uku na zama gaba ba wanda ya matsi wani. Ina saurayi ta shigo garinmu, baƙa wuluk, kana ganin fuskarka a jikinta. A kanta na koyi tuƙi, a cikinta na koyi kanikanci, don kawu ba ya yarda wani bakanike ya taɓa ta sai ni. Shekara ashirin da ƴan kai tana ɗaukar amare, tana tarbo alhazai, tana kai marasa lafiya asibiti. Da wuya a sami gida a unguwarmu da ba ta taɓa tsayawa ƙofarsa ba.

Abin da ya jawo tafiyar wasa ne. Tanko maƙeri, abokin kawu tun ƙuruciya, mutum ne da bakinsa ba ya hutawa. Ranar wani suna, gaban mutane, ya ƙwanƙwasa ƙofar motar ya ce, "Alhaji, ranar da Giwa tam mutu ka bar min ƙohohin ga. Hauya arba'in za su yi, masu kyau." Kowa ya yi dariya ban da kawu. A lokacin yanar ido ta fara rufe masa idanu, shekaru kuma sun ja. Daga ranar bai ƙara zama ƙofar maƙerar Tanko ba, har shekara biyu. Wata rana na je gaishe shi ya kama hannuna ya ce, "Isuhu, na san ɗiyana. Ranar da anka ruhe ni, ba a kai sadakar arba'in ba sai an ji guduma bisa kanta. Ba ni son a yanka ta. In na samu inda za ta zamna da mutuncinta, na huta." Ban yi masa gardama ba, don ni ma na san ƴaƴan nasa.

Ana nan sai wani ɗan garinmu da ke gadi a Sakkwato ya zo ganin gida da labari. Ya ce maigidansa, wani tsohon injiniya, aikinsa tara tsofaffin motocin Amurka. Ba haya yake da su ba, ba sayarwa yake ba. Ajiye su yake a rumfa ana share su kullum. Ya ba shi labarin Giwa, mutumin ya ce a kawo ta ya gani, in ta yi masa zai karɓa. Ya kuma ƙara da cewa kada mu wahalar da kanmu, mu kawo ta yadda take.

To, a nan ne muka yi abin da duk ɗan ƙasarmu ta Adar zai yi. A wurinmu, in babban mutum ya ce kada ka wahalar da kanka, kara ce ya yi maka, kai kuma sai ka ninka. Ba a kai rago kasuwa da datti, ba a tura ƴa gidan mutane da tsumma. Kawu ya ce a gyara ta tsaf. Mamman, babban ɗansa, wanda taubashina ne kuma ba ma gaisawa sai da tsiya, shi ke da shagon kayan gini a Keita. Ya kwaso fentin mai irin wanda ake yi wa ƙofofi, shuɗi kalar sama, ya shafe ta da buroshi tun daga hanci har fukafukai. Haƙoran gaba inda tsatsa ta fara ci ya bi su da farin fenti. Aka kira baduku ya cire tsohon yadin kujerun ya lulluɓe su da jar fata. Ba zan ɗora wa Mamman laifin shi kaɗai ba. Ina wurin, kuma na ce ta yi kyau.

Ni nawa aikin ya riga ya daɗe a cikinta. Moter ɗinta, wato injinta, na asali mai silinda takwas ne, yana shan man esansi kamar raƙumin da ya kwana bakwai bai ga rijiya ba, kayan gyaransa kuma sai an aika Kano a yi ta jira. Shekara takwas ke nan na sauke shi na ɗora mata na wata ƙaramar kamiyo ta ɗaukar kaya mai shan man gazuwal. Wata uku na yi ina sassaƙa ƙarfe kafin ya zauna. Tun daga nan ba ta taɓa kwana da kowa a daji ba. Ba na ɓoyewa, da wannan nake tinƙaho, har na shirya a raina yadda zan yi wa injiniyan bayani in ya ɗaga kapo, wato murfin moter, ya riƙe baki.

Muka tashi wata safiyar Talata bayan kaka, ni a tuƙi, kawu kusa da ni, Mamman a baya ya baje cikin farar babbar riga. Rabin unguwa ya fito sallama. Wata tsohuwa da Giwa ta kai ta ɗakin miji ta dafa fuffuken baya ta yi addu'a, ta ɗaga hannu sai ga shi shuɗi. Ashe fentin bai gama bushewa ba. Kafin mu isa Keita mun wuce mata suna shiƙar hatsi bakin hanya, iska ta kwaso ƙaiƙayi ta watsa mana, duk ya manne. Na ce wa Mamman, "Ka ga ka yi mata gashi kuma." Ya ce ai laifin mai tuƙi ne da bai san kauce wa iska ba. Da ya fito shan ruwa a Keita ya jingina da ita, ya tashi da tambarin ƙofa a gadon bayansa, haka ya je Najeriya ya dawo.

Hanyar Keita zuwa Buza kun san ta, dutse ne da gangare. Giwa kuwa cikinta kusa da ƙasa yake, waɗanda suka ƙera ta ba su taɓa jin labarin Adar ba. Sau da yawa sai mun sauka mun kawar da duwatsu. Abin da ya ba ni mamaki shi ne kawu. Ba ya gani sai inuwa-inuwa, amma da jin yadda motar ke nishi sai ya ce, "Sassauta, akwai rami bayan hawan ga." Kuma ramin na nan. Ya san hanyar da jikinsa, don ya bi ta a kujerar nan fiye da yadda zan iya ƙirgawa.

A Buza radiyater ta fara ɗigo. Maganin wannan a daji garin taba ne, a zuba cikin ruwan ya toshe hudar. Na je wurin wata mai hura da ke bakin kasuwa, na ga tana da taba a ƙulle, na roƙa. Ta biyo ni don ta ga motar da ke cin taba. Ta tsaya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wagga ba Giwar Tamaske ta ba? Ita tak kai ƙanena asibiti shekarar da maciji yas sare shi. Wayyo, mi yas same ta?" Kawu ya juyo da kai wajen ɗansa ya ce, "Mamman, mi yas same ta?" Mamman ya ce, "Ba komi Baba, ba ta saba ganin mota mai kyau ba na." Matar ta dama mana hura mai yaji da nono mai tsami, irin wadda ba na samu a Madawa, ta zauna tana ba kawu labarin ƙanen nata da ƴaƴansa shida. Kawu bai tuna ranar ba sam, amma na ga yana murmushi har muka bar garin.

Mun kwana gidana a Madawa, inda abokan sana'ata suka zo suka yi dariyarsu suka ƙoshi. Da safe na ce mu bi gudiro, wato kwalta, ta Ƙonni, hanya lafiyayya har Sakkwato. Kawu ya ce a'a, ta Bangi za mu bi mu faɗa Sabon Birni. Na ce, "Kawu, rairayi na hwa." Ya ce, "Ta nan tas shigo ƙasar ga, ta nan za ta hita." Raina ya ɓaci, amma ba a musu da kawu, sai na huce a kan giyar motar.

Abin da na guda shi ya faru. Kafin Bangi, a wata ƙorama da ta ƙafe, Giwa ta zauna da cikinta bisa rairayi, tayoyin na juyawa a banza. Muka yi tono, muka sa kara, muka tura, ba ta motsa ba. Wasu manoma da ke ɗaurin dame suka hango mu, suka zo da bajimai biyu da igiya. Ba su tambayi ko mu su wane ne ba sai da suka fitar da ita, sannan babbansu ya ce yana so a bar shi ya zauna ciki kaɗan. Ya zauna a baya ya miƙe ƙafafu ya ce gadonsa bai kai wannan ba. A wajen turin nan ne Mamman, wanda bai taɓa ɗaga abin da ya fi buroshi nauyi ba, ya ja hannun ƙofar baya da ƙarfi ya ɓalle. Hannun ma ba na asali ba ne, Tanko ne ya ƙera shi shekarun baya. Muka ɗaure ƙofar da igiya, daga nan Mamman ta gaba yake shiga yana tsallakawa.

A iyaka, ɗan duwan ɗinmu, wato ɗan kwastan, wani matashi mai tsabta, ya karɓi takardun motar ya karanta, ya dubi mota, ya sake duba takarda. Ya ce, "Alhaji, takarda ta ce baƙa, idona ya ce shuɗiya. Wa zan gaskata?" Na buɗe akwatin baya na nuna masa cikin murfin inda buroshin Mamman bai kai ba. Ya yarda. Sai ya ce a ɗaga kapo ya ga lambar moter. Nan kuma lamba ta ce wani abu, takarda ta ce wani. Ina cikin rantse-rantse sai babbansu ya fito daga ofis, wani dattijo da ya taɓa aiki a Keita. Ya gane kawu, ya gane motar, ya sa aka rubuta mana takardar wucewa. Da za mu tafi ya leƙo ta taga ya ce da ni a hankali, "In da ni na, da na bar ta baƙa." Na ji maganar ta tsaya mini a rai, amma na ce ai ɗan duwan ba bakanike ba ne.

Ƙetaren iyaka Hausarmu ɗaya da mutanen, dangi ne ma, amma abin mota kowa da bakinsa. Mu ce moter su ce inji, mu ce esansi su ce fetur. A Sabon Birni muka sauka gidan wani fatoma, mai saukar da baƙi, da kakanninsa ƴan Buza ne, ya ba mu ɗaki mai tsabta da tabarmi sababbi, waɗanda na tabbata daga Madawa aka kawo su. Tuwon shinkafa aka kawo mana da miya ja wur da manja. Ni da Mamman muka ci har muka ji kunya, kawu kuwa ya taɓa kaɗan ya ce a nemo masa hura. Da safe shayinsu ya ba ni dariya. Mu muna shan namu a ƴan ƙananan kofuna, baƙi mai ɗaci, ana hira. Su kuwa a babban moɗa ake cika shi da madara, a haɗa da burodi rabin hannu, a shanye a tsaye a wuce.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne abin da na gani a wani garaji inda na je ƙara iska. Kanikawan na wanke hannu da fetur, su zubar a ƙasa. A garajina wanda ya yi haka ya bar aiki ranar. Hanyar Sakkwato kuma cike take da gawarwakin motoci a gefe, wasu ba su kai rabin shekarun Giwa ba, an yar da su ciyawa ta fito ta tagoginsu. Bakina ya suɓuce na ce, "Da a Adar na, da tuni waɗanga sun zama hauya." Kawu ya juya fuska wajen taga. Na yi da-na-sanin maganar har muka shiga gari.

Bayan azahar muka isa gidan injiniyan. Dattijo ne siriri mai farin gilashi da sanyin murya. Ya tarbe mu da mutunci, ya riƙe hannun kawu da hannu biyu, ya sa aka kawo lemo mai sanyi. Sai da aka gama gaisuwa sannan ya ce bari ya ga baƙuwar. Muka fita tsakar gida inda na ajiye ta. Ya tsaya cik. Ya zagaya ta sau ɗaya. Ya sa farce ya ɗan kankare gefen fuffuke, baƙin ya leƙo daga ƙasa. Ya ce, "Wa yay yi mata wanga aiki?" Mamman ya gyara tsayuwa ya ce, "Ni na, ranka ya daɗe, hannu biyu na yi mata." Injiniyan ya ce, "Yaushe?" Mamman ya ce, "Satin da yaw wuce." Mutumin ya cire gilashi ya rufe ido da hannu. Wallahi na ɗauka ciwon kai ne ya kama shi.

Na ce a raina bari in ceto lamarin. Na ɗaga kapo na ja da baya ina jiran yabo. Ya leƙa, ya daɗe, ya ce, "Ina injinta?" Na ce ga shi nan, na fara bayanin da na shirya. Ya bari na gama, har ya ce aikin ya yi kyau, kuma na ga da gaske yake. Sannan ya sake cewa, "Amma ina nata, wanda ta zo da shi?" To, akwai abin da ban taɓa gaya wa kawu ba. Na ce, "Yana Tamaske, wurin wani maƙeri. Bisa kansa yake dukan ƙarhe." Kawu ya juyo ya ce, "Wane maƙeri?" Na ce, "Tanko, Kawu."

Daga nan injiniyan ya bi ta gaɓa-gaɓa yana tambaya, mu kuma muna ba da amsa kamar masu laifi gaban alƙali. Ƙarfen gaba? Tanko ne ya miƙe shi ya yi masa ƙari shekarar da muka yi karo da jaki. Sifirin na baya? Tanko ne ya ƙera biyu daga ciki. Salansa? Wani mai walda ne a Madawa, Allah ya jiƙansa. Kujeru? Badukun garinmu. Murafen tayoyi masu ƙyalli fa? Mamman ya ce suna gida, kaji ke shan ruwa a ciki. Abin da na lura, duk abin da aka ambata, kawu sai ya faɗi shekarar da dalilin, a hankali, kamar da kansa yake magana. Wannan ranar da aka kai wance haihuwa ne, wancan dawowar wane daga Makka ne.

Injiniyan ya ce, "Alhaji, ka gahwarce ni. Da na ce a kawo ta yadda take, nuhina ke nan, da tsatsarta da yagaggun kujerunta. Abin da nika ajewa motar Amurka ta, yadda tah hito daga hannun masu ita. Wagga kuwa ba ta Amurka ba ta yanzu. Motar Tamaske ta."

Jinina ya tafasa. Kwana uku muna hanya, tsoho makaho ya sha rana da rairayi, a ce mana haka? Na buɗe baki zan yi magana, kawu ya matse mini hannu. Ya ce wa mutumin, "Ba ka yi laihi ba. Amma tunda na zo, kai ni in gaida naka."

Rumfa ce doguwa ta kwano, ƙasanta siminti, an share ta fes. Motoci ne jere, kowace an ɗora ta bisa bulo tayoyinta ba sa taɓa ƙasa, an lulluɓe ta da farin yadi. Ya je wajen ta ƙarshe ya yaye. Fushina ya tafi nan take. Ƴar'uwar Giwa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, baƙa wuluk, haƙoranta na walƙiya. Na ga fuskata a jikinta, da furfurata, sai na tuna ranar da na fara ganin fuskata a jikin tamu ba ni da ko gemu. Na manta cewa haka take da kyau. Mu da muke tare da ita kullum ba mu ga lokacin da ta sauya ba. A nan na gane mutumin nan ba wulaƙanta mu ya yi ba, shi ma son abin yake, irin nasa son.

Kawu ya sa tafin hannu bisa hancinta ya bi ta a hankali har ƙarshen fuffuke. Ya shafa hannun ƙofa, ya shafa murfin taya. Ya ce, "Haka take, wallahi haka take." Sannan ya ce, "Tada min ita in ji muryarta." Injiniyan ya ce ba za ta tashi ba, akwai wani ƙarfe da ya aika a kawo daga waje, shekara ta uku ke nan yana jira. Kawu ya ce to wata daga cikin sauran. Ya ce an cire musu batir, ba a tada su sai jefi-jefi, don kada su lalace. Kawu ya ce, "Wagga, wa da wa tat taɓa ɗauka?" Mutumin ya faɗi gaskiya ya ce bai sani ba. Kawu ya gyaɗa kai, ya ce a mayar mata da lulluɓinta kada ta yi ƙura.

Injiniyan ya so mu kwana, kawu ya yi godiya ya ce a gaida iyali. Da na murɗa makulli Giwa ta tashi bugu ɗaya, da wannan ƙarar tata ta gazuwal mai kama da injin niƙa. Na ɗan taka ta fiye da yadda ya kamata kafin mu fita ƙofar.

Ta gudiro muka dawo, mun kwana Ƙonni, mun kwana Madawa. Duk hanyar kawu bai yi magana mai tsawo ba, ni kuma tsoro ya kama ni. Abin da ya fito nema bai samu ba, kuma ya ji cewa ni da ya fi yarda da ni na riga na ba maƙeri zuciyar motarsa. Mamman ma ya daina tsiya. Da muka shigo Tamaske da la'asar na karya kan mota wajen gida, sai kawu ya ce, "Ba nan ba. Maƙera."

Tanko na zaune bakin wuta. Da ya ga shuɗiyar mota ta tsaya, ya ga wanda ke fitowa, ya ajiye guduma ya miƙe. Mutanen da ke zaune wurin suka juyo suna kallo. Kawu ya ce, "Ina shi?" Tanko ya gane. Ya kama hannunsa ya ɗora bisa tsohon moter ɗin, wanda aka binne rabinsa a ƙasa, samansa ya yi sumul saboda duka. Kawu ya shafa ramukan silinda yana ƙirgawa da yatsa har takwas. Ya ce, "Yana aiki?" Tanko ya ce, "Shekara takwas, Alhaji, ko tsagewa bai yi ba. Dut hauyar da ke unguwarku bisa kansa anka ƙera ta, har taka."

Kawu ya daɗe hannunsa na wurin. Sannan ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, har da Mamman. Ya ce, "Ku shaida. Isuhu zai riƙa ta, ta yi ta aiki har ranar da tag gaji don kanta. Ranar nan ba wanda zai taɓa ta sai Tanko, don rabinta aikin hannunsa na. Ƙohohin naka na, Tanko. Hauyar hwarko ka kai gonata, ko ina nan ko ba ni nan."

Tanko, wanda tunda nake ban taɓa ganin magana ta ƙare masa ba, ya tsaya yana murza gemu, idonsa ya kawo ruwa. Kawu ya laluba aljihu ya fito da hannun ƙofar da ya ɓalle a hanyar Bangi. Ashe shi ya tsince shi ya ajiye. Ya miƙa masa ya ce, "Kahin nan, ga aikinka ya karye. Wanga karon ka yi mai ƙwari."

Tanko ya karɓa, ya juya shi a hannu, ya zauna ya jawo zugazugi. Kawu ya sa aka shimfiɗa masa buzu a inda ya saba zama shekara biyu da suka wuce, ya ce mu je gida, shi zai jira a gama.